Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka: dihe zai je Mars, mu fa?

Zuwa ga Shugaban Majalisar Sararin Samaniya ta Afirka, Dakta Tidiane Ouattara, da ɗaukacin jami'an hukumar da ke Alƙahira.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku barka da buɗe hedikwatarku da aka yi a watan Afrilun 2025. Ni malamin kimiyya ne a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a nan Injamena, babban birnin Chadi, shekara goma sha huɗu ke nan ina riƙe da alli. Na rubuto ne kan batun kai mutane duniyar Mars su zauna. Na san ba shi ne a saman teburinku ba, amma ku ba ni aron hankalinku, domin batun ya fi kusa da ƙofar gidanmu fiye da yadda ake zato.

Mahaifina fataucin kanwa ya yi tsakanin Baga Sola da Injamena, kuma a kan wannan hanya ya auri mahaifiyata, 'yar Kanembu. Don haka babban hutu a wajen kakata nake yin sa, a wani ƙauye tsakanin Mao da Bol. A can akwai ƙananan tafkuna masu kanwa, kwance a ƙwaryar tuddan rairayi. Da hantsi, idan iska ta koro wani koren abu da ke saman ruwan zuwa gefe guda, sai mata su tattare zannuwansu su shiga da ƙore da tukwane suna kwasa. Su hau tudu, su yi rami mai faɗi kamar faranti a cikin rairayi, su tuttula shi a ciki. Rairayi ya tsotse ruwan, rana ta ƙarasa aikin. Kafin ya gama bushewa sai su tsattsaga shi gida-gida, kamar yadda ake yanka alewar madara. Shi ne dihe. Kakata takan jiƙa shi, ta tace yashin, ta kaɗa miya da shi, mu ci da tuwon gero. Komai tacewarta sai ka ji ɗan ƙurus a haƙori, ita kuwa ta ce ka ci, shi ne ƙarfin jiki.

Wannan koren abu, da baƙo zai ɗauka gansakuka ce, shi masana ke kira sifirulina. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ci karo da shi a kasuwar Injamena a 1964, lokacin ana ce da garin Fort-Lamy. Da aka auna, aka tarar kusan kashi 60 cikin 100 na busasshensa furotin ne. Ga shi kuma yana shan iskar kabon dayoksaid da mutum ke fitarwa, ya mayar masa da oksijin. Tun 1989 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai take gudanar da wani shiri mai suna MELiSSA, wanda burinsa shi ne a rufe mutane a ɗaki ba shiga ba fita, numfashinsu da fitsarinsu da bayan gidansu su riƙa komawa iska da ruwa da abinci. Sifirulina na daga cikin ginshiƙan wannan shiri, kuma a Disamban 2017 an aika da shi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa don a ga yadda zai yi girma a can. Duk wanda ke shirin tafiyar Mars da gaske, abincin kakata yana cikin lissafin guzurinsa.

Bara na shiga aji da ƙullin dihe a aljihu, na ba ɗalibai wannan labari. Suka yi ta miƙa wa juna suna shinshinawa, wasu na yatsina fuska. Wata yarinya a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to idan dihe zai je, matan da suka san lokacin da yake lalacewa da lokacin da yake kyau fa? An tambaye su?" Na yi shiru. Wannan tambaya ce na ɗauko na kawo gabanku.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi matsayina, don kada a ɗauka ina cikin masu ruɗuwa da hotunan birane a ƙarƙashin gilashi. Mars ba wurin gudun hijira ba ce. Iskarta kashi 95 cikin 100 kabon dayoksaid ce, kuma kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Mutum ya fita ba rigar kariya, cikin daƙiƙu zai suma. Matsakaicin sanyinta ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri. Ƙasarta tana ɗauke da wani gishiri mai cutarwa da kumbon Phoenix ya gano a 2008, ga kuma haskoki masu illa da ke zubo mata daga rana da sararin samaniya ba garkuwa. Tafiyar zuwa kaɗai wata shida ce zuwa tara, kuma sai bayan kowane wata 26 hanya ke buɗewa. Idan ciwo ya kama mutum ya kira gida, muryarsa za ta iya ɗaukar minti 22 kafin ta iso, amsa ma haka. Na'urar MOXIE da ke jikin motar bincike ta Perseverance ta nuna ana iya tatsar oksijin daga iskar Mars, abin a yaba, amma duk abin da ta tara daga 2021 zuwa 2023 giram 122 ne, bai kai abin da mutum ɗaya ke shaƙa cikin awa huɗu ba. Ko a nan doron ƙasa, da aka rufe mutum takwas a ginin Biosphere 2 a jihar Arizona ta Amurka daga 1991 zuwa 1993, oksijin ɗinsu ya zube daga kashi 21 zuwa kusan 14, dole aka busa musu daga waje, ga yunwa ta rame da su. Garin Faya-Largeau da ke hamadar arewacin Chadi, a rana mafi zafi ta watan Mayu, ta fi Mars daɗin zama a ranarta mafi kyau. Saboda haka idan na ji Elon Musk yana maganar birni mai mutum miliyan ɗaya, ba na ɗaukar ta a matsayin abin da zan gani da idona, kuma ina ƙin duk wata magana da ke sa mutane su ji kamar akwai wata duniyar ajiya idan mun ɓata wannan.

Amma ina goyon bayan a je. Ɗan'adam ya taka wata a ranar 20 ga Yulin 1969, mutum goma sha biyu suka yi tafiya a kansa kafin ƙarshen 1972, kuma na yi imani wata rana wasu 'yan tsiraru za su sauka Mars su yi bincike, su kafa sansani irin waɗanda ke yankin ƙanƙara na kudancin duniya. Tambayar ko rai ya taɓa wanzuwa a can babbar tambaya ce, ta cancanci wahalar. Kuma mu 'yan Chadi ba mu da bakin cewa tafiya ba tamu ba ce. A hamadar Jurab ne, a Yulin 2001, Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinci ƙoƙon kan Tumai mai shekara kusan miliyan bakwai, wanda masana da yawa ke lissafawa cikin mafi daɗewa a zuriyar da ta kai ga mutum.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ƙasarmu take cike da abin da masu shirin nan ke nema, mu kuma muna gefe. Perseverance ta sauka ne a ranar 18 ga Fabrairun 2021 a kwarin Jezero, saboda wurin tsohon tafki ne da ya ƙafe, har da shacin bakin kogin da ke zuba a cikinsa. To wa ya kai mu sanin tafkin da ya ƙafe? Shekara kusan 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya haura murabba'in kilomita 300,000. Ƙasansa mafi zurfi shi ne kwarin Bodele na yau, fari fat da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu, har da ƙasusuwan kifi a fili inda yanzu ko ciyawa babu. Mai son koyon yadda ake karanta alamar rai a gindin mataccen tafki, ga makaranta nan. Dutsen Emi Kusi na Tibesti, mai tsawon mita 3,415, masana sun riga sun kwatanta shi da dutsen Elysium na Mars. Ga ramin Aurunga da dutse daga sama ya haƙa. Ga tafkunan Unianga goma sha takwas, a inda ruwan sama na shekara bai kai milimita biyu ba, suna rayuwa da tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Sai ƙura. Bodele ita ce wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya; iska na matsowa tsakanin Tibesti da Ennedi ta kwashe ta, har wani sashe ya tsallaka teku ya zama taki a dajin Amazon. A Mars kuwa ƙura ce ta kashe motar Opportunity a guguwar 2018, ita ce kuma ta lulluɓe faifan sola na kumbon InSight har ya yi shiru a Disamban 2022. Mu a nan, duk safiyar hunturu sai na tura ɗana kan rufi da tsumma ya goge sola, in ba haka ba batir ba zai kai mu isha'i ba. Masu gyaran sola na garin nan sun san yadda ƙura ke cin faifai da fanka da injin ruwa. Me zai hana a kafa tashar gwaji a Faya ko a Mao, ƙarƙashin Jami'ar Injamena da cibiyar bincike ta ƙasa, inda duk mai son gwada na'urarsa a irin wannan yanayi zai zo, bisa sharaɗin cewa ɗalibanmu suna cikin aikin, sunayensu suna kan sakamakon, kayan aikin kuma suna nan bayan baƙi sun tafi? Wannan aiki ne da hukuma irin taku za ta iya shiga gaba a kansa, don ƙasa ɗaya ba ta da ƙarfin ciniki, nahiya kuwa tana da shi.

Na dage kan sharaɗi ne saboda mun ga yadda abin yake idan babu shi. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani manomi yana gonarsa a Zagami, ƙasar Katsina, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da shi. Daga baya aka tabbatar daga Mars ya fito, domin iskar da ke maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976. Yau gutsattsarinsa sun bazu a ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da dama. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani a yankin Agadas na Nijar, mai nauyin kusan kilo 25, mafi girman yankin Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yulin 2025 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dala miliyan 5.3, kusan sefa biliyan uku, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron Agadas da ke son ganin Mars da idonsa, an ɗauke ta daga bayan gidansu. Hamadar nan ɗaya ce daga Muritaniya zuwa Sudan, masu tsintar duwatsun ba su san iyaka ba. Ku tsara doka guda da ƙasashen Sahara za su kwafa: a yi rajistar abin da aka tsinta, a biya matsinci haƙƙinsa da daraja don kada ya ɓoye, a bar kaso a gidan tarihi na ƙasar.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wata ko wata duniya, kuma amfani da sararin samaniya na dukan 'yan'adam ne. Amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta damar mallakar abin da suka haƙo a can, Luksambog ta bi sahu a 2017. A 2020 aka fito da yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ta jagoranta kan ƙa'idojin aiki a wata da Mars, Najeriya da Ruwanda suka sa hannu a Disamban 2022, kowa a kan kansa. Har a cikin sharuɗɗan intanet na Starlink an rubuta cewa Mars 'yantacciyar duniya ce da babu wata gwamnatin doron ƙasa da ke da iko a kanta. Mu da muke tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusuri ta Kamaru da takarda a hannu don gaida 'yan uwa, mun san abin da ke biyo baya idan aka yi rabo ba ka wurin. Abin mamaki, Chadi tana cikin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya cikin lumana tun 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai. Kujera muna da ita a Biyana, babban birnin Ostiriya, inda kwamitin ke zama. Tun 2021 akwai rukunin aiki a wannan kwamiti da ke duba dokar albarkatun sararin samaniya. Tun ran gini, tun ran zane. Ina roƙon ku haɗa wakilan Afirka su shiga zauren nan da magana ɗaya a baki.

Kuma muna da maganar da za mu kai, wadda ba na jin masu roka suna yawan tunawa da ita. Wani tsohon ɗalibina ya je haƙar zinari Kuri Bugudi, can kan iyakar Libiya. Da ya dawo, fata duk ta tsattsage, na tambaye shi abin da ya fi wahala. Bai ce rami ba, bai ce zafi ba. Ya ce ruwa. Da mota ake kawo shi, mai motar ne ke yanka farashi, kuma idan kuka saɓa da ubangidanka, shi ke riƙe da jarkar da za ka sha, shi ke riƙe da kuɗin motar da za ta fitar da kai. Ya ce, "Malam, a can ba ka cewa a'a." To ku ɗauki wannan ku kai Mars, inda bayan ruwa har numfashi daga injin wani yake fitowa, motar komawa gida kuma sai bayan wata 26. Ma'aikacin da ya ƙi umarni a irin wannan wuri, ina zai nufa? Wace kotu zai kai ƙara? A hamadarmu, daga Kanem zuwa Borku, rijiya tana da masu ita, ana ma yin rigima a kanta, amma matafiyin da ya iso da ƙishi ba a hana shi sha, ko da daga dangin abokan gaba ya fito. Malamanmu suna karantar da hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Wannan ƙa'ida ta fito ne daga mutanen da suka san wurin da ƙishi ke kisa, kuma Mars irin wannan wuri ce, har ta zarce. Ina son in ga wakilin Afirka ya miƙe a Biyana ya nemi a rubuta cewa a duk wani sansani a wajen doron ƙasa, iska da ruwa da kujerar komawa gida haƙƙin kowane mai rai ne, ba a sayar da su, ba a horo da su, ba a karɓar su jingina.

Na san abin da wasu za su ce, don abokan aikina sun faɗa mini a ɗakin malamai: mutanen da ambaliyar 2022 da ta 2024 ta kora daga unguwar Waliya ta nan Injamena suna kwana a tanti, kai kana zancen Mars. Ni ma na kwashe littattafaina a ka cikin ruwa har gwiwa, ba labari aka ba ni ba. Amma ban roƙi a sayi roka ba. Abin da na lissafa, wakili ne mai shiri, da doka, da tasha a hamada, da horar da yara. Yarinyar da ta koyi karanta hoton kwarin Jezero, ita ce gobe za ta karanta hoton tauraron ɗan'adam na kogin Shari da Logon ta ce ruwa na tafe nan da kwana goma. Wanda ya iya tace ruwa irin na tashar sararin samaniya, inda ake maido da kashi 98 cikin 100 na ruwan da aka yi amfani da shi, zai yi amfani a Abeshe kafin ya yi a ko'ina. Indiya ta kai kumbonta Mars a 2014 da kusan dala miliyan 74 alhali tana fama da talauci. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta isa a Fabrairun 2021, kuma abin da ta fi nema shi ne matasan injiniyoyin da aikin ya horar. Cheick Modibo Diarra, haifaffen Nioro a Sahel ɗin Mali, ya yi aiki a shirin Mars Pathfinder da ya sauka a 1997. Ƙwaƙwalwa ba ta yi mana ƙaranci ba.

A tsakiyar Janairun 2025 Mars ta matso kusa, tana fitowa daga gabas da faɗuwar rana. Wani dare da aka ɗauke wuta a unguwarmu, hazo kuma ya ɗan lafa, na tara ɗalibai goma sha biyu a filin makaranta. Sun san Zara matar wata, sun san Kaza da 'ya'yanta. Na nuna musu jan ɗigon da ba ya ƙyaftawa, na ce ga ta nan. Abin da muke da shi tabaron hangen nesa ne guda na hannu, wanda gilashinsa ɗaya ya tsage, suna karɓa bi da bi, kowa na cewa ɗan'uwansa ya daɗe. Yarinyar nan ta layin baya ta riƙe shi da hannu biyu har aka fara yi mata tsiya, ba ta saki ba. Ƙaramin madubin hangen taurari da zai nuna musu Mars a matsayin ƙwallo bai kai kuɗin babur ɗin haya na kilando guda ba. Ku sa shi cikin shirinku na makarantu, tare da ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo cikin Hausa da Larabcin Chadi da Fulfulde da Kanuri da Sara, don iyayen yaran nan su ji da kunnensu, kada su ɗauka shirme ne ake cusa wa 'ya'yansu.

Idan kun tashi aiko da tawaga Chadi, ku zo da damina, lokacin da dihe ya fi yawa. Kakata ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma ƙannen mahaifiyata suna nan suna shiga tafki kowace safiya, kuma za su nuna muku yadda suke gane ruwan da zai ba da mai kyau tun daga launinsa. Zan raka ku, in yi muku tafinta. Yarinyar kuma bana za ta zauna jarrabawar bak ta kammala sakandare, ta ce kimiyyar halittu take son karantawa. Zan nemi izinin mahaifinta ta biyo mu.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku.

Naku,
Malamin kimiyya a wata lise,
Injamena, Chadi.